Na Goge Muryar Da Ban Taɓa Ji Ba

Gwaggo Huraira,

Don girman Allah ki taimake ni, kada ki jefa wasiƙar nan a kwando don kin ga maganar kiɗa a cikinta. Yau kwana tara ke nan abinci ba ya mini daɗi, kuma na rasa wanda zan gaya wa. Mutum biyu ne kawai a garin nan za su gane abin da nake faɗa. Ɗaya shi na yi wa laifin, ɗayan kuwa muna gaba da shi.

Ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, haifaffen Tudun Ƙofa a nan Keffi. Ina aikin safiyo a wani kamfanin da ke gina hanya, sansaninmu yana kusa da Gitata. Ina sallata, ba na shan komai, ba a taɓa kawo ƙarata gida ba. Aibina ɗaya, in aibi ne, ina son wani kiɗan Turawa da suke ce wa hebi metal, mu nan muna ce masa kiɗan ƙarfe. Jita ce ta lantarki da ganguna da mawaƙi mai buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa. Mahaifiyata injin niƙa take ce masa. In na kunna sai ta leƙo ɗakina ta ce in an gama da na mutane ga geronta nan a tsakar gida.

A duk Keffi mu uku ne masu jinsa: ni, da abokina Jethro da ke aiki a ofishin gona, da Mijinyawa mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Kowace Lahadi, in Jethro ya taso daga coci mu kuma mun yi la'asar, sai mu haɗu a gindin mangwaron da ke bayan shagon Mijinyawa, mu sa batir sabo, mu saki abinmu. Masu wucewa suna yi mana kallon waɗanda suka taɓu, mu kuwa ko a jikinmu.

Gwaggo, na san a kunnenki duk hayaniya ce iri ɗaya, amma wallahi ba ɗaya ba ce. Akwai mai gudu, wanda ganga ke zuba kamar ruwan sama a kan kwano, jita tana tsere, mawaƙi ya kai muryarsa can sama har tsikar jikinka ta tashi. Wannan shi ne nawa, kuma har gobe ina cewa shi ne kiɗa. Akwai kuma mai nauyi, wanda ke tafiya a hankali kamar tifa ta ɗauko dutse tana hawan tudu, waƙa ɗaya sai ta ci minti tara ba ta je ko'ina ba. Wannan shi ne na Jethro. Shekara biyu muna musu a kan haka. Ni in ce nasa kiɗan zaman makoki ne, shi ya ce nawa na masu gudun kada mota ta bar su ne. Muna yi muna dariya, in mun tashi kuma tsire ɗaya muke ci.

Shi Mijinyawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Mai gudu ya ji, mai nauyi ya ji, ya gyaɗa kai ya ce kowanne da ranarsa. Kuma yana da wata ɗabi'a: duk kaset ɗin da ya shiga shagonsa, na gyara ne ko na aro, sai ya haɗa rikoda biyu da waya ya kwafe shi tun daga farko har injin ya ce ƙas, har shuuu ɗin da babu komai a ciki ba ya bari. Ya cika wani akwatin ƙarfe da su a ƙarƙashin teburinsa. Bayan ƙaramar sallah musu ya yi zafi, bakina ya suɓuce na ce masa kunnensa bola ne, komai aka zuba sai ya karɓa, a gaban masu jiran gyara na faɗa. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Tun ranar ban sake taka shagonsa ba, zaman Lahadi ma ya watse.

To, ga inda abin yake. Jethro yana da wani kaset guda da yake ji da shi. Wansa Gamaliel ne ya aiko masa daga Ingila lokacin yana karatun injiniya, da rubutun hannunsa a jiki. Gamaliel ya dawo gida da sati uku ya rasu a haɗarin mota a hanyar Akwanga, tun kafin in san Jethro. Wannan na sani, ba zan yi miki ƙarya ba. Gefen farko na kaset ɗin duk muna so. Gefe na biyu kuwa mai nauyin nan ne zalla, da ya fara sai in miƙa hannu in danna in juya. Jethro ya sha ce mini in daure wata rana in ji shi har ƙarshe. Ni na ɗauka duk cikin musunmu ne, yana neman ya jawo ni ɓangarensa, sai in ce masa rayuwa ta yi gajarta. Bara ma da rikoda ta tauna zaren, Jethro kamar zai yi kuka, sai da kaset ɗin ya yi sati guda a wurin Mijinyawa yana lallaɓa shi da reza da jan farce kafin ya gyaru. Har tsiya na yi masa, na ce da ta cinye gefe na biyun da ta yi mana maganin ciwon kai.

Watan jiya aka tura Jethro kwas na sati shida a Jos. Ɗakinsa yana yoyo da damina, sai ya kawo mini kaset ɗin in ajiye masa. Har ya ce wataƙila in ina ni kaɗai, ba wanda zan yi wa taurin kai, zan ji shi ya ƙare.

Ranar wata Asabar, wani Ba'italiye makanikin katafila a sansaninmu yana haɗa kayansa zai koma ƙasarsu. Ya san ina son kiɗan, sai ya ba ni aron wani sabon kaset da tsakar rana, ya ce lallai in dawo masa da shi kafin ƙarfe huɗu, motarsu za ta tashi zuwa Kano. Gwaggo, ban taɓa jin gudu irin na kaset ɗin nan ba, kaina har sarawa yake don daɗi. Na hau babur na taho Keffi kamar zan tashi sama. Na ari rikodar maƙwabcina na haɗa da tawa, sai na ga ba ni da kaset ɗin da babu komai a kai. Na zaga kantuna uku, babu. Wuri ɗaya na tabbata akwai, shagon Mijinyawa, kuma girman kai ya hana ni zuwa. Nawa na kaina kuwa duk masu gudu ne, ban iya taɓa ko ɗaya ba.

Sai idona ya faɗa kan na Jethro. Zuciyata ta ce, ai gefe na biyun nan ba asara ba ne, irinsa ana samu a kantunan Jos, in ya dawo ma alheri ka yi masa, zai ji kiɗa na gaske a kan kaset ɗin da yake so. Akwai wasu 'yan haƙora biyu a saman kowane kaset, in an ɓalle su rikoda ba ta yarda a ɗauki wani abu a kai. Jethro ya ɓalle nasa tun da daɗewa. Ni da hannuna na yanko salatif na toshe ramin, na danna, na zauna ina kaɗa ƙafa har minti arba'in da biyar suka cika injin ya tsaya. Na mayar wa Bature kayansa a kan lokaci, ina ta murna da kaina.

Kwana uku bayan haka na je Sabon Gari gai da Mama Lea, mahaifiyar Jethro, don ya roƙe ni in riƙa leƙa ta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini gyaɗa dafaffiya, muna cikin hira sai ta tambaye ni ko kaset ɗin yana nan lafiya. Na ce yana nan. Sai ta ce, “Yawwa ɗana, ka riƙe shi da kyau. Can ƙarshen hayaniyar nan tasu, Gamaliel ya yi mini magana, ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana.”

Ashe da waƙoƙin gefe na biyu suka ƙare zare ya yi saura, sai Gamaliel ya ɗauki kamar minti biyar yana gai da uwarsa, rabi da yarensu na Mada rabi da Hausa. Ta ce yana ba ta labarin sanyi ya hana shi wanka, yana tambaya ko akuyarta ta haihu, yana cewa ta ajiye masa riɗi don miyar ranar da zai dawo, ya ƙare da dariya. Duk shekara ranar da ya rasu, Jethro yana naɗe zaren da biro ya kai daidai wurin, su rufe ƙofa su biyu su saurara. Tana faɗa tana murmushi, ni kuwa na ajiye gyaɗar na yi mata sallama. Ban san yadda aka yi na kai gida ba. Na sa kaset ɗin na kai ƙarshe, ina fatan ko an bar ko da kalma ɗaya. Babu komai sai jitar nan tawa tana ta gudu har zaren ya ƙare.

Jethro zai dawo nan da sati uku, ranar tunawar kuma kwana biyar ne bayan dawowarsa. Na yi tunanin in ce rikoda ce ta tauna shi ya tsinke. Na yi tunanin in ce ɓarawo ya shiga ɗakina. Har na yi tunanin in nemi a mayar da ni sansaninmu na Lafiya in ɓace musu. Amma kullum na rufe ido sai in ga tsohuwar nan tana miƙo mini gyaɗa. Kiɗan da na yi duk wannan dominsa ko sau ɗaya ban iya sake ji ba. Ina son abokina, Gwaggo, ban taɓa yin aboki kamarsa ba, kuma ina tsoron in na faɗi gaskiya na rasa shi har abada. In yi ƙaryar don in rage musu zafi, ko yaya zan yi?

Naki cikin damuwa,
Mai Ƙaiƙayin Hannu, Keffi

*

Ɗana Mai Ƙaiƙayin Hannu,

Na sa wasiƙarka a gaban sauran saboda kwanakinka ƙidayayyu ne. Ka share hawaye ka zauna, akwai aiki a gabanka, kuma ina ganin lamarin bai kai ɓacin da kake zato ba.

Bari mu fara da abin da ba ka son ji. Ka yi laifi, kuma ba kuskuren hannu ba ne. Mai kaya ya ɓalle haƙoran kaset ɗinsa, ma'ana ya kulle ƙofa, kai kuma ka nemo salatif ka buɗe. Kana da naka kasakasai a ɗaki ba ka taɓa ko ɗaya ba, saboda su kana son su. Na amana ka ɗauka, don a kunnenka ba shi da daraja. Ni ban san mai gudu ba, ban san mai nauyi ba, goge nake ji in ina tsintar shinkafa. Amma na san son abu ba laifi ba ne, musu a kansa a gindin mangwaro ma daɗin abota ne. Inda ka kauce shi ne da ka ɗauka abin da bai yi maka daɗi ba, bai da amfani ga kowa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba ka san da muryar ba, kuma na yarda da ka sani da ko kusa ba za ka yi ba. Shi ma Jethro da ya buɗe baki ya gaya maka abin da ke ƙarshen zaren da ba a kai nan ba. Sai dai kada ka kuskura ka riƙe wannan a matsayin hujja a gabansa. Wanda ya binne ɗan'uwa ba kullum yake iya faɗin sunansa ba. Shekara biyu yana ce maka ka ji har ƙarshe, iyakar yadda ya iya gayyatarka cikin abin da ke ransa ke nan. Ba kowa ake yi wa wannan gayyata ba, kuma ita ce ta sa nake ganin abotarku za ta iya ɗaukar gaskiya.

Maganar ƙarya ka cire ta daga ranka. In ka ce rikoda ta tauna, zai ce ka kawo a gyara. In ka ce ɓarawo, za ka sa shi bin kasuwa yana leƙa tiren masu sayar da kaset. Guduwa Lafiya kuwa, za ka bar tsohuwa da asara biyu, ga murya babu ga ɗan da ke zuwa gaishe ta babu.

Na tambayi wani masanin na'ura a gidan rediyo, ya ce abin da aka goge a zare ya tafi, ba a dawo da shi. Don haka ka daina wahalar da kaset ɗin, ka cire salatif ɗin ka ajiye shi. Amma ɗana, ka sake karanta wasiƙar da ka rubuto mini da hannunka. Ka ce duk kaset ɗin da ya shiga shagon Mijinyawa sai ya kwafe shi daga farko har injin ya tsaya, ko shuuu ba ya bari. Ka kuma ce na Jethro ya yi sati guda a shagon nan bara. Haushin mutumin ne ya rufe maka ido har ba ka haɗa biyun ba. Ban yi maka alkawari ba, don ban leƙa akwatin ba, amma in muryar Gamaliel tana wani wuri a duniyar nan, to tana ƙarƙashin teburin wanda ka ce kunnensa bola ne.

Gobe da safe ka sayi goro ka tafi shagonsa. A gaban mutane ka ci masa fuska, a gaban mutane za ka ba shi haƙuri, kuma ka fara da haƙurin kafin ka ambaci buƙatarka. In ya ɗaure maka fuska ka jure, ya cancanta. Sannan ka ja shi gefe ka gaya masa komai. In an dace an samu, ka roƙe shi ya yi kwafi biyu a sababbin kasakasai, ɗaya na Jethro, ɗaya mai muryar kaɗai na Mama Lea, don ta huta da jiran a naɗe mata zare da biro. Ku ɓalle haƙoran duka.

An samu ko ba a samu ba, ranar Asabar ka shiga motar Jos. Kada ka jira ya dawo ya tarar da abin kwana biyar kafin ranar da ta fi kowace yi masa nauyi. Kuma in an samu kwafin, kada shaiɗan ya raya maka ka mayar da shi kan tsohon kaset ka yi shiru. Ka gaya masa abin da ka yi da bakinka, har maganar salatif ɗin, ba tare da ka ce ai kiɗan ne ya yi daɗi ba. Zai iya yin fushi, zai iya ƙin yi maka magana wata guda ko fiye. Ka ba shi lokacinsa, kada ka dame shi da aike. Yadda za a gaya wa mahaifiyarsa shi zai yanke, kai dai ka ce a shirye kake ka bi shi ka durƙusa a gabanta.

In kuma Allah bai sa an samu ba, duk da haka akwai abin yi. Matar nan ta haddace maganar ɗanta, ga shi ta karanta maka ita har da akuya da riɗi. In ransu ya huce, ka kawo sabon kaset, Jethro ya ɗauki muryarta tana faɗin abin da Gamaliel ya ce da yadda ya yi dariya. Ba zai maye wancan ba, amma wata rana Jethro zai gode da samun muryar uwarsa.

Saura abu ɗaya, shi ne hukuncin da ni na yanke maka. Ranar da aka fito da kwafin nan daga akwati, in Jethro ya yarda ka zauna tare da shi, ka sa gefe na biyu tun daga farko. Ka zauna a kan hannuwanka in ta kama. Ka ji tifar nan ta hau tudunta minti arba'in ba ka danna komai ba, har ka iso inda abokinka ya yi shekara biyu yana kiranka. Ba sai ka so kiɗan ba, ka ci gaba da son mai gudunka. Ka dai kai ƙarshe, ku gaisa da Gamaliel.

Allah ya jiƙan rai ya ba iyalansa haƙuri, ya sa a dace da abin da ke cikin akwatin, ya mayar da ku ukun gindin mangwaronku. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce ina bayanta a maganar injin niƙa.

Taku,
Gwaggo Huraira